Bushiya da Ruwan Kan Soro

Ga ta nan ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

Bushiya ce ta gaji da zaman rami. Kowace damina sai ruwa ya cika shi, har ya taɓa tafiya mata da ɗa. Sai ta rantse bana a soro sauran 'ya'yanta za su kwana.

Ta yi tubali, ta jera azara, ta hau rufi. To kun san halinta, ko ganye ya motsa sai ta dunƙule. Don kada ta mirgino daga sama, sai ta daɓe rufin sumul kamar faifai, ba tudu ba gangare.

Sai Ruwa ya sauko, ya ce, "Uwar gida, ina hanya?"

Ta ce, "Yadda ka zo haka za ka koma."

Ya ce, "Ni ban iya hawa ba." Sai ya kwanta, ya huda rufin, ya sauka a kan 'ya'yan.

Ta sake kwaɓa ƙasa, ta sa indararo. Ruwa ya dawo, ya ce, "Uwar gida, ina hanya?"

Ta ce, "Makaho ne kai? Ga indararo can."

Ya ce, "Na gan shi. Ƙafa gare ni?" Sai ya kwanta, har azara ta karye. Da ƙyar 'ya'yan suka sha.

Maƙwabta suka ce, "Haba Bushiya, koma rami mana."

Ta ce, "Ramin da ya ci ɗana? Har abada!"

Ta zauna ta yi tunani. Ruwa ba shi da ƙafa, ita ma in ta dunƙule ba ta da ita. Sai ta sake rufi, ta tara ƙasa a gefe guda, ta rage wajen indararo. Ta hau tudun, ta runtse ido ta dunƙule. Ta gangaro, amma ta tsaya a tsakiya. Ta cike kwarin da ya tare ta, ta koma tudun ta sake dunƙulewa. Sai ta mirgina, ta bi indararo, tim a ƙasa! Baiwar Allah ta tashi tana ɗingishi tana dariya.

Hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko, ya ce, "Uwar gida, ina..." Bai ƙarasa ba ya ji shi a waje. 'Ya'yan Bushiya ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ruwa baƙo ne, yara. In ba ka raka shi ƙofa ba, shi zai huda tasa.

Ƙurunƙus kan bushiya, ba don ƙayarta ba da na kawo muku ita tsaraba.