Sifana Mai Lamba Goma

Akwai wani bakaniken manyan motoci a Potiskum, cikin jerin garejin nan na hanyar Damaturu, ana ce masa Malam Babaji. Duk direban tirelar da ya taɓa kai masa gyara ya san shi da hali guda, kuma babu wanda halin bai taɓa ƙular da shi ba.

In ya gama aiki, ba ya bari a tayar da mota. Sai ya shimfiɗa wani tsohon buhu a ƙasa, ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. In sun cika ya ce, "Tayar." In kuwa ɗaya ta yi ɓatan dabo, to ko shanu ne a bayan motar za a kai su Legas, direba sai ya jira.

"Haba Malam, sifana ɗaya ce fa! Zan sayo maka sabuwa."

"Ba sifanar nake ji ba," in ji shi. "Inda ta kwanta nake ji."

Autansa Mahdi yaro ne mai kai. Lissafin da ke sa 'yan ajinsu gumi, shi yana hamma yake warware shi. Amma wallahi ya tsani garejin nan kamar mutuwarsa. Ya taso yana ganin direba ya diro daga mota da farar shadda ana ta "Oga sannu da hanya", ubansa kuwa yana kwance ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Shekarar da ya gama sakandare, wata gidauniya ta ba makarantarsu gurbi biyu na karatu kyauta. Ɗaya na injiniyan ƙira da gyaran jiragen sama, ɗaya na koyon tuƙin jirgi. Mahdi ne ya zo na ɗaya, don haka shi aka ba zaɓi. Na biyun, Abdulsalam, ɗan wani manomi daga Gadaka, zai ɗauki abin da ya rage.

Bayan La'asar Malam Babaji ya kira ɗansa gefen gareji.

"Auta, malamanka sun zo sun same ni. Sun ce kanka na ƙira ne. Sun ce in ka bi injiniya, wata rana da hannunka za a zana jirgin da wasu za su tuƙa."

Mahdi ya yi tsaki a gaban mahaifinsa. Ku ji fa, tsaki!

"Baba, injiniya ai bakanike ne da ya yi boko. Shekara nawa kana gyara wa mutane mota? Wa ya san ka? Direba ake tara a yi wa sannu. Ni na rantse, hannuna ba zai riƙe sifana ba har na koma ga Allah."

Tsohon ya daɗe yana goge baƙin mai da tsumma, alhali hannun ya riga ya goge. Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba.

"To, Allah ya sa albarka. Tuƙi ba laifi ba ne, sana'a ce. Sai dai ka riƙe wannan. Mota in ta ƙi, a gangara gefen titi a lallaɓa ta. Sama ba ta da gefen titi."

Mahdi ya ce to, irin to ɗin da ake yi don a rabu da tsoho.

Kwanci-tashi, ya zama matuƙi. Kuma gaskiya ɗaya ce, ya iya. Manyan jiragen da yake mafarki dai ba su samu ba, don masu neman kujerar sun fi kujerun yawa. Sai ya samu aiki da wani kamfani mai ƙananan jirage, irin masu kujera ɗaya da ake feshin gonaki da su. Wannan bai hana shi sa farar riga mai igiya a kafaɗa ba, bai kuma hana a kira shi Kyaftin ba. In ya zo gida hutu, ba ya ko taka ƙofar gareji, wai kada takalminsa ya ɓaci.

Abdulsalam kuwa ya sha karatunsa mai tsawo, ya ƙara da neman lasisin duba jirgi. Allah da ikonsa, sai ga shi a kamfani ɗaya da Mahdi. A ƙa'idar aikinsu, jirgi ba ya tashi sai injiniya ya duba ya sa hannu a takarda. Wannan ƙa'ida ita ce ƙashin da ya tsaya wa Mahdi a wuya. Ko sunansa ba ya kira.

"Kai bakanike, an gama ko sai na yi furfura?"

Abdulsalam murmushi kawai yake yi.

To, sai wata damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, jama'a har sun fara lissafin rumbu. Rana ɗaya jan baki suka sauka. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba, ba zai gane ba. Garke ɗaya kan rufe rana, in suka faɗa gona kafin ka je gida ka dawo sai kara. Daga Gadaka har Damagum manoma suka wuni suna kaɗa gwangwani da ihu har muryoyi suka dishe, a banza.

Aka ɗauko kamfanin su Mahdi, aka kawo jirgi ɗaya wani fili a bayan gari. Feshin jan baki lokacinsa kaɗan ne: dab da faɗuwar rana, sa'ad da suka koma makwancinsu suka taru wuri ɗaya. In ka rasa wannan ɗan lokaci, sai gobe.

Mahdi ya ga ranar da yake jira ta zo. Ya rubuta a shafinsa, "Mutanen Potiskum, yau da yamma ku kalli sama." Ya aika wa mahaifinsa cewa zai zagayo ta kan gareji kafin ya wuce daji.

Da hantsi ya je filin shi kaɗai. Yana so ya ɗaura wayarsa a cikin jirgin don ta ɗauki bidiyon garin daga sama, amma notin maƙalin wayar ya ƙi ɗauruwa da hannu. Ya duba dama, ya duba hagu, ba kowa. Ya buɗe akwatin kayan Abdulsalam, ya zaro sifana mai lamba goma. Mai rantsuwa ke nan fa! Ya ɗaure notin, sai aka kira shi a ɗayar wayar. Ya ajiye sifanar gefen kujera, ya sauko yana ta hira, ya manta da ita sam.

Bayan La'asar Abdulsalam ya gama dubansa tsaf, leburori suka cika tankin magani. Ya zo rufe akwati. A akwatin nan kowane ƙarfe da gurbinsa, kuma gurbi ɗaya wayam.

"Jama'a, lamba goma babu. Yau ban taɓa ta ba. Akwai wanda ya ɗauka?"

Leburori suka ce su ba su gani ba.

Nan take Mahdi ya tuna. Kalma uku kawai ake buƙata: ni na ɗauka. Amma a gaban leburorin nan ya sha yin alfahari cewa shi bai san ko nauyin sifana ba. Ya hau jirgin kamar mai duba wani abu, ya leƙa gefen kujera, bai gan ta ba. Sai ya yaudari kansa, ya ce a ransa ai ta faɗa ciyawa.

"Kyaftin, ba zan sa hannu ba," in ji Abdulsalam. "Sai mun cire kujera mun buɗe ƙasa. Awa biyu."

"Awa biyu? Rana ta faɗi ke nan!"

"To sai gobe."

"Gobe? Gonar babanka tana cikin waɗanda ake ci yanzu haka. Kan ƙarfe guda za ka bar shi da kara?"

Abdulsalam ya sunkuyar da kai, don maganar ta same shi. Da safen nan ma mahaifinsa ya kira shi a kan maganar gonar.

"Na sani, Mahdi. Gero in ya tafi, baɗi a sake shukawa. Kai fa?"

"Kai dai matsoraci ne. A lallaɓa haka, in na dawo ka yi ta nema har asuba."

A lallaɓa haka. Maganar direbobin tirela ce, a cikinta ya girma, bai ma san ta bi shi ba.

Manajansu yana Damaturu, wayarsa ba ta shiga. Mahdi ya rufe murfin jirgin ya tayar. Abdulsalam ya bi jirgin da gudu yana ɗaga hannu biyu yana ihu, ƙarar inji ta haɗiye muryarsa.

A gareji kuwa aiki ya tsaya cak. Direbobi, masu faci, masu shayi, kowa ya ɗaga kai. Jirgin ya wuce ƙasa-ƙasa, aka ɗau sowa. Malam Babaji ya kare ido da hannu mai baƙin mai yana murmushi. Duk abin da yaron ya faɗa masa, a ranar nan ya ji daɗi, uba ne.

"Autana ne," yake ce wa na kusa da shi, kamar akwai wanda bai sani ba.

Mahdi ya juyo zagaye na biyu, ya karkata fiffike don ya gaida jama'a. Karkatawar nan ce ta zame da sifanar, ta faɗa inda sandar tuƙi ke haɗuwa da ƙarafan da ke juya jirgin, ta ƙame.

Ya ja sandar, ta ƙi. Ya sa hannu biyu, kamar an yi mata walda. Ya kalli ƙasa: rufin gidaje, masallaci, mata a tsakar gida. Babu inda zai gangara. A nan maganar tsoho ta dawo masa, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Abu ɗaya zan yaba masa. Da ƙarafan tuƙi na ƙafa da rage wutar inji ya yi ta kokawa har ya fitar da jirgin daga kan gidajen mutane. Ya faɗi cikin wata gonar dawa a ƙetaren titi, a kan idon mahaifinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsoho mai shekara sittin da biyar ya yi gudun da bai taɓa yi ba, babu takalmi.

Mahdi bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye, likitoci suka ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri. Kafin a samo wani jirgi an yi kwana goma, jan baki sun gama abin da suka zo yi. A shekarar, gidajen da suka saba kyautar da gero su ne suka koma awo a kasuwa.

Masu bincike suka zaro sifanar daga cikin tarkace, da alamar Abdulsalam a jikinta. Wayar Mahdi ta tarwatse, babu abin da aka samu a ciki. Abdulsalam ya ce bai sa hannu ba, aka ce an ji, amma yaya aka yi ƙarfenka ya shiga can? Aka dakatar da shi, aka riƙe lasisinsa. Bakin mutane kuwa ya fi hukuncin zafi. Har a majalisa ana cewa hassada ce, ya ga ɗan'uwansa ya fi shi suna ya nakasa shi. Ya koma Gadaka, ko sallar Juma'a sai ya raɓe a sahun baya.

Mahdi yana jin duk wannan. Wata huɗu cur bai ce uffan ba.

Wata safiya tayar kekensa na guragu ta fara girgiɗi. Malam Babaji ya durƙusa a tsakar gida ya ɗaure ta. Da ya gama, ya shimfiɗa buhunsa kamar kullum, ya bi ƙarafan da yatsa. Bai ɗago ba ya yi magana.

"Auta, shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin sifana ta yi ƙafa ba. Kuma wanda ya ƙirga ya ce ɗaya babu, ba shi ne ya ɓatar ba. Mai ɓatarwa shi ne mai cewa a tafi."

Mahdi ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka ce ba zai sake takawa ba.

"Baba, ni ne. Ni na ɗauka."

"Na sani tun a asibiti," in ji tsohon. "Jira nake ka faɗa da bakinka. Ƙafa ta riga ta tafi, kada ka haɗa da lahira."

Washegari ya ɗauki shatar mota, ya ciccibi ɗansa da hannunsa, suka tafi Gadaka. A ƙofar gidan su Abdulsalam, gaban dattawan unguwa da rumbunan da babu komai a ciki, Mahdi ya faɗi gaskiya tun daga farko. A karo na farko cikin shekaru ya kira Abdulsalam da sunansa.

Abdulsalam ya share hawaye.

"Na yafe, Mahdi. Amma wallahi da ka faɗa a ranar, awa biyu ce kawai."

Mahdi ya rubuta wa masu bincike, aka mayar wa Abdulsalam lasisinsa. Shi kuwa nasa ya tafi har abada.

Yau in ka bi ta garejin za ka gan shi a kekensa ƙarƙashin rumfa. Idon Malam Babaji ya yi rauni, don haka a kan cinyoyin Mahdi, waɗanda ba sa jin komai, ake shimfiɗa buhun. Shi ke ƙirga.

Kwanan baya wani sabon direba ya ƙosa, ya tayar da mota, yana ta buga ƙofarta.

"Haba Malam, sifana ɗaya ce fa!"

Mahdi ya ɗago ya dube shi.

"Ɗaya ce ta zaunar da ni nan. Kashe motar."

Darasi: Ka zaɓi sana'ar da ranka ke so, tuƙi ne ko ƙira, duk halal ne. Amma kada ka raina hannun da ke ƙarƙashin aikinka, don ranka yana cikinsa. Kuma in ka yi kuskure, faɗe shi tun yana ƙarami. Kunyar minti ɗaya ta fi nadamar rayuwa sauƙi. Ku tura wa duk wani matashi da ke gaban zaɓi, da duk wanda ke jin kunyar sana'ar mahaifinsa, wataƙila ku ne sanadin da zai tsaya ya ƙirga kafin ya tashi.