Kada da Katan ɗin Cakulan

An yi wani kada a kusa da mashayar awaki, wanda ba shi da abin alfahari a duniya sai haƙoransa. Kullum da hantsi yakan hau kan yashi ya wangame baki, wata 'yar tsuntsuwa da ake kira Ladin-kogi ta shiga ta tsince masa ragowar nama. Ita ta ƙoshi, shi kuma bakinsa ya yi fes. Ladi ba ta da wani aibi sai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba.

Wata ranar kasuwa kwalekwalen wani ɗan tireda ya karkace, katan guda ya faɗa ruwa, igiyar ruwa ta kawo shi har bakin ramin Kada. Ya fasa, sai ga wani abu baƙi-baƙi a nannaɗe cikin takarda mai ƙyalli. Ya ɗanɗana. Tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Ya ja katan ɗin can ƙuryar rami, bai gaya wa kowa ba.

Washegari Ladi ta leƙa bakinsa ta ja da baya.

"Baba Kada, cakulan ka ci. Ina ganinsa a hannun 'ya'yan masunta. Ga shi nan duk ya danƙare maka a haƙora."

"Wato kin zo ki ci rabonki a ɓagas?"

"Ni ba na shan zaƙi. Kankarewa zan yi in zubar."

"Ki zubar? Abin da na ajiye a nan don in riƙa tsotsa da la'asar?"

Ladi ta yi masa bayani cewa cin ba shi ne matsalar ba, barinsa a baki ne. Zaƙin da ya daɗe a jikin haƙori cinye shi yake yi a hankali har ya yi masa kogo. Kada ya ce haƙoran da suka karya ƙashin cinyar saniya ba alewar yara ce za ta kayar da su ba. Ya sallame ta daga aiki, ya rufe bakinsa.

Haka ya yi ta ci safe da yamma, yana barci da guntu a kumatu. Kafin katan ɗin ya ƙare, wani haƙori na can ciki ya fara yi masa zogi. Ya ce sanyin ruwa ne. Na kusa da shi ma ya kama. Ya ce sanyin ne ya ƙaru. Kifaye suka fara kauce wa inda yake numfashi, ya ɗauka kwarjininsa ne.

Da cakulan ya ƙare, yunwa ta tuna masa da nama. Ya laɓe a mashaya, sai ga wani tsohon bunsuru ya zo shan ruwa. Kada ya yi wuf ya cafke masa ƙafa. Wani irin raɗaɗi ya tsarga masa daga baki har wutsiya, ya kasa datsewa, ya kasa saki.

Bunsuru ya tsaya yana jiran mutuwa. Da ya ga ta yi jinkiri, sai ya duba ƙasa.

"Malam Kada, ka gama? Ana jirana a gida."

Ya zare ƙafarsa, ya karkaɗe haƙora biyu da suka maƙale a gashinsa, ya ƙarasa shan ruwansa, sannan ya tafi.

Kada ya kwana biyu yana fushi, a na uku ya aika kwaɗo ya roƙo Ladi. Ta zo, ta shiga bakin ta daɗe, ta fito tana goge baki a yashi.

"Na gaba za su tsira idan ana wankewa kullum. Na ciki kuwa sun tafi."

"Ba za ki iya gyarawa ba, 'yata?"

"Ni mai shara ce, Baba, ba magini ba."

Tun daga ranar Kada ya koma cin ƙananan kifi da dodon-koɗi, yana taunawa da gefe guda. Labari kuwa bunsuru ya riga ya kai shi gari. Awaki suka riƙa zuwa mashaya da 'ya'yansu, suna gaishe shi da jiki, ƙananan suna roƙonsa ya buɗe baki su ga giɓin.

Darasin wannan labari shi ne, zaƙi ba ya kashe haƙori sai an bar shi ya zauna a kai. Idan ka sha cakulan ko alewa, ka sha kaɗan, ka kurkure baki, ka yi asuwaki ko buroshi safe da dare. Kuma kada kwaɗayi ya sa ka kori mai gaya maka gaskiya, domin haƙorin da ya ruɓe ba ya jin ban haƙuri.