Burtun da Ya Yi Kuka da Muryar Mutum

Akwai wani mutum, maharbi, wanda ya yi suna a ƙauyensu saboda saurin hannunsa. Kafin wani ya ɗaga bindiga, shi har ya harba ya saɓa nama a kafaɗa. Mutane suka yi ta yabonsa, yabon kuma ya hau masa kai, har ya zama in ana magana ba ya jiran a kai ƙarshe.

Yana da ƙane, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ma maharbi, amma irin masu farauta da burtu. Wato yakan ɗaura sassaƙaƙƙen kan tsuntsun nan burtu a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai kamar mai kiwo. Barewa ba ta gudun burtu, don haka sai ya matso kusa da ita ya harba. Saboda masu irin wannan farauta ne dattawan maharba suka kafa doka tun kaka da kakanni: kada kowa ya harbi burtu sai ya ga ƙafafunsa. Na gaske a tsaye yake a kan ƙafafu biyu, na ƙarya kuwa gwiwoyin mutum ne a ƙarƙashinsa.

Wata rana da safe ƙanen ya iske wansa yana ɗura albarushi a bindiga, maƙwabta sun kewaye shi yana ba su labarin gwankin da ya kashe bara. Ya gaishe shi, ya ce, “Yaya, yau fadamar gabas zan shiga da burtuna.”

Maharbin ya ce, “To, to, madalla,” bai ko waiwaya ba, gama labarin ya kai wurin da ya fi masa daɗi. Da zai fita ya ce wa matarsa, “Ki ɗora tukunya, nama na nan tafe.”

Ya nufi yamma. Ya yi yawo tun hantsi har rana ta karkata, ko zomo bai gani ba. Yunwa ta kama shi, amma kunya ta fi yunwar ciwo, don yana tuna tukunyar da ya sa aka ɗora. Sai ya zagaya ya gangara fadamar gabas.

Can cikin doguwar ciyawa ya hango kan burtu yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ya ce a ransa, “Ko burtu ne, ya fi komawa hannu wofi.” Dokar dattawa ta faɗo masa. Taku goma kawai zai yi zuwa kan wani suri, ya ga ƙafafun. Amma ya ce, “Ni da na tsufa a dawa, za a koya mini burtu? Kafin in hau suri ya tashi.” Ya auna ƙasan wuyan, ya ja kunama.

Bindiga ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Sai burtun ya yi kuka da muryar mutum.

“Wayyo Allah! Wayyo, na mutu!”

Maharbin ya sandare. Bindigar ta suɓuce daga hannunsa, gama ya san muryar nan tun ranar da aka haifi mai ita. A nan ne maganar safe ta dawo masa a kunne, kalma bayan kalma. Ya ruga yana faɗuwa yana tashi, ya buɗe ciyawa, ga ƙanensa kwance cikin jini, kafaɗarsa ta dama ta ragargaje, kan burtun yana nan ɗaure a goshinsa.

Ƙanen ya buɗe ido ya dube shi. Ya ce, “Yaya, kai ne? Ai na gaya maka.”

Maharbin ya yage rigarsa ya ɗaure raunin, ya goya shi, ya kama hanyar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana roƙon Ubangiji kada ya ɗauki ran ƙanensa. Mutumin da bai iya yin taku goma ba, ran nan ya yi tafiyar rabin yini da ɗan'uwansa a baya. Da ya shiga gida, ga tukunya tana tafasa a murhu. Matarsa ta fito da murna don ta ga ya ɗauko kaya mai nauyi, da ta ga ko mene ne kayan sai ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

Allah ya ji ƙai, ƙanen ya rayu, amma a asibiti sai da aka yanke hannun. Ya yafe wa wansa da zuciya ɗaya. Duk da haka gafarar ba ta mayar da hannun ba. Kowace damina maharbin yakan nome gonar ƙanensa kafin tasa, kowace safiya kuma yakan ga hannun rigar nan yana reto babu komai a ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: bindigar nan ita ce bakinka, albarushin kuwa fushi da girman kai. Kan burtun shi ne ɗan abin da ka hango daga nesa, ko wanda aka kawo maka a kunne game da ɗan'uwanka. An ce an ga matar wane tana fitowa daga gidan wane. An ce dattijon ikilisiya ya yi kaza. Kan kaɗai ka gani a saman ciyawa, ba ka ga ƙafafu ba, amma har ka harba a kasuwa, ka harba a bakin rijiya. Taku goman nan shi ne ka je wurin mutumin ka tambaye shi, ka kuma saurara har ya gama. Da maharbin ya saurara da safe, ko ya hau suri da yamma, da ɗaya daga cikinsu ya isa. Ubangiji yakan ba mu zarafi fiye da ɗaya, mu ne muke tsallakewa.

Ku kuma masu shiga dawa da bindiga ta gaske, wannan magana taku ce yadda take. Ku faɗa wa juna inda kuka nufa, kada kuma ku harbi motsin ciyawa.

Magana zarar bunu ce. Za ka iya tuba, Allah ya gafarta maka, ɗan'uwanka ma ya yafe maka, amma sunan da ka ɓata zai zauna kusa da kai kowace Lahadi kamar hannun rigar nan. Saboda haka kafin ka buɗe baki a kan wani a wannan mako, ka tambayi kanka: na ga ƙafafunsa?