Kalangun Gauraka

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo, mun kasa kunne.

Gauraka ta rasa miji, ta gaji kalangunsa da 'ya'ya uku masu jin yunwa. Ana nan Zaki da Giwa na neman sarautar daji, sai ga Dila, ɗan koren Zaki, ya zo wurin Gauraka.

"Gwaggo, kiɗa mana: Zaki hasken duniya, Giwa annoba! Rumbu guda naki ne."

Gauraka ta ce, "Jiya Kura ta ce in juya maganar, ta ba ni rumbu biyu. Ni abin da na sani, Zaki jarumi ne mai barci, Giwa mai haƙuri ce mai tattake gona."

Dila ya ce, "Wa zai sayi wannan kiɗan?"

Kunkuru da ke wucewa ya ce, "Ni, in san wanda zan bi. Rabin mudun gero."

Gauraka ta ce, "Albarka, Malam! Mudu har tsororo."

Ya auna.

"Na sallama."

Ƙurunƙus, kan ɓera a murhu!