Rufin da Malam Maitama Bai Duba Ba

Akwai wani dattijo mai suna Malam Maitama, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a birnin Washington. Mutane da yawa a gida sun san muryarsa. Amma bayan ya yi ritaya, kuma Allah Ya yi wa matarsa Hajiya Habibatu rasuwa, sai ya zamana yakan wuni a ɗakinsa na haya a Wheaton, a gefen birnin, ba tare da kowa ya ji muryar nan ba.

Da kaka ta kama, masu ginin suka sanar cewa za su rushe shi, kowa ya nemi wurin zama kafin sanyi ya shigo.

'Yarsa tilo, Rumasa'u, tana aure a garin Bowie, ba nisa da nan. Mijinta Kamal injiniyan gine-gine ne, kuma suna da ɗaki a ƙasan gidansu wanda babu kowa a ciki. Ta roƙi mahaifinta ya dawo wurinsu, ya ƙi. A tarbiyyar da ya tashi da ita, dattijo mai mutunci ba ya kwana a ƙarƙashin rufin surukinsa. Ta yi kuka, ta ce nan Amurka ce, babu mai zaginsa. Ya ce mata kunya ba ta san iyakar ƙasa ba.

Daga ƙarshe ya kawo shawarar da ya ga ta raba gardama. Zai sayi ƙaramar mota mai ɗaki, irin wadda ake yi wa gado da murhu da makewayi a ciki, ta hannu, ya ajiye ta a bayan gidansu.

"Filin naku ne, Uwata," in ji shi, "rufin kuwa nawa ne."

Kamal ya aiko da saƙo ta bakin matarsa, yana neman izinin raka Baba wurin dubawa. Ya ce a irin waɗannan motoci ba inji ne abin tsoro ba, ruwa ne. Yakan shiga ta mahaɗar rufi ko ta gefen taga, ya bi cikin bango, ya ruɓar da katako, alhali daga waje motar tana ƙyalli. Idan Baba ba ya son rakiya, to ya hau saman motar, ya latsa kowace kusurwa da hannunsa, ya rufe tagogi ya shinshina.

Malam Maitama ya ce a yi wa Injiniya godiya. Ba zai yi ciniki a gaban surukinsa ba. Ya tafi shi kaɗai.

Mota ta farko ta wata Ba'amurkiya ce mai suna Tracy, tsohuwar malamar makaranta. Fentin motar ya koɗe, kujerar direba ta yage. Ko gaisuwa ba su gama ba, matar ta jingina tsani ta ce ya hau ya ga rufin. Ta zaunar da shi a ciki, ta kunna tiyo ta yi ta feshin ruwa a kan motar, tana ɗaga murya tana tambayarsa ko ya ga ɗigo. Bai ga ko ɗaya ba. Sannan ta nuna masa gefen tagar baya, inda ta ce ruwa ya taɓa shiga, aka cire katakon aka sa sabo.

Abin bai yi masa daɗi ba. Ya ga kamar an mai da shi yaro, da furfurarsa ana ce masa hau, sauka, leƙa. Kuma ya raya a ransa cewa wanda ya nuna maka aibi ɗaya da kansa, to akwai goma da ya ɓoye. Ya yi mata godiya ya tafi.

Mota ta biyu ta Dakta Zulkifilu ce, likita ɗan garinsu da ke zaune a garin Laurel. Fara ce tas, kamar ba a taɓa hawanta ba. Gaskiya ma kusan haka ne, domin aikin asibiti ya hana shi tafiye-tafiyen da ya saye ta dominsu, ta yi ta zama a gindin wata babbar bishiya, damina da sanyi suna wucewa a kanta.

Da iyalin Dakta suka ji wanda zai zo, sai suka share motar, suka shimfiɗa darduma, suka turara ta da turaren wuta don girmama baƙo. Aka kawo shayi. Aka yi hirar gida har Malam Maitama ya ji kansa yana dariya, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Malam, ai da muryarka muka tashi," in ji Dakta. "Ka duba ko'ina, motarka ce."

A kusurwar silin, daidai saman gado, Malam Maitama ya hango wani ɗan tabo mai launin ruwan shayi. Ya ɗaga hannu zai latsa wurin. Sai ya ga mai gidan yana kallonsa da fara'a, ga kofin shayinsa a hannu. Hannun da ya ɗaga sai ya kai shi kan hularsa, ya gyara mata zama.

"Haba Dakta, wa zai bincike kayanka?"

Ya kamata a faɗa don adalci: Dakta Zulkifilu bai san da wata ɓarna ba. Shi ma bai taɓa hawa saman motar ba.

Malam Maitama ya biya kuɗin motar, ya tare a cikinta a bayan gidan 'yarsa. Kwanakin farko rana ce, komai lafiya. Rumasa'u takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa kafin ta tafi aiki. Da magariba, ta tagarsa yakan hango su a teburin cin abinci, Kamal yana yanka wa yara nama. Sai ya ja labule, ya ci nasa shi kaɗai, yana sauraron ganye na faɗowa a kan rufi.

Ƙanshin turaren ya gushe a hankali. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na tufafin da aka naɗe ba su bushe ba.

A watan Nuwamba ruwa ya sauko, ya yi kwanaki bai ɗauke ba. Ɗigo ya fara daga wurin tabon nan. Malam ya tara tukunya. Da ta gaza, ya sauko da shimfiɗarsa ƙasa. Ya dafa bango zai miƙe, yatsunsa suka nutse kamar a cikin jiƙaƙƙen burodi. Ya janye littattafansa, ya tarar funfuna ta yi baƙi a bayansu.

Bai gaya wa kowa ba. Idan ya kira Dakta, ya kunyata mutumin da ya karrama shi. Idan ya kira Kamal, ya tabbatar da cewa surukinsa ya yi gaskiya. Da tari ya kama shi, ya ce wa Rumasa'u mura ce.

Wata safiya ta kawo karin kumallo, ta tarar abincin jiya yana nan ba a taɓa ba. Ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofar. Mahaifinta yana kwance a ƙasa cikin rigar sanyi, jikinsa zafi rau, dardumar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe sharkaf.

A asibiti aka ce ciwon ya sauka a ƙirji, kuma likitoci suka yi gargaɗi kada ya koma wuri mai laima. Kamal ya buɗe bangon motar, ya tarar ruɓa ta bi daga rufi har daɓe. Gyaran ba zai ƙare ba kafin sanyi ya wuce.

Dakta Zulkifilu ya zo dubiya, ransa a ɓace, ya ce zai karɓi motarsa ya mayar da kuɗin. Kafin ya fita ya tsaya a bakin gado.

"Malam, da ka latsa bangon nan a gabana, wallahi da ka rufa mana asiri mu duka biyu."

Ranar da aka sallame shi, Malam Maitama ya umarci 'yarsa ta nema masa ɗaki a otal. Ta ce to, amma su biya ta gida ya ɗauki kayansa. Da suka isa, sai ga Kamal a bakin ƙofa da jaka a hannu. Ya ajiye ta, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baba, na yi magana da wani abokina, zan zauna a wurinsa har sanyi ya wuce. Gidan na Rumasa'u ne da yara. Babu suruki a ciki. Don Allah ka shiga."

Malam Maitama ya dubi 'yarsa, ta kau da kai tana share ido. Ya dubi jikokinsa, sun leƙo ta bayan ƙofa suna kallon jakar mahaifinsu. Ya gane cewa kunyar da ya ɗauka tasa ce shi kaɗai, yanzu za ta raba miji da matarsa, ta raba yara da ubansu, a tsakiyar sanyi.

"Tashi, Injiniya," in ji shi a hankali. "Mayar da jakar nan. Ba za a ce na fitar da mutum daga gidansa don in kare mutuncina ba."

Ya dafa kafaɗar Kamal, domin ƙafafunsa ba su gama ƙarfi ba. Ya cire takalmansa, ya shiga da ƙafar dama.

Darasi: Kunya ado ce, amma idan ta hana ka duba abin da za ka saya, ko ta hana ka faɗa wa naka cewa kana cikin wahala, ta zama ruwan da ke cin bango daga ciki. Bincike ba zargi ba ne, kuma karɓar taimako daga na ƙasa da kai ba ya rage girma. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai dattijon da ke tara tukunya a ƙarƙashin ɗigo bai gaya wa kowa ba.