Rumbun da Aka Hana a Ƙwanƙwasa

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ya gaji irin dawa daga wurin mahaifinsa. Dawa ce mai jure fari, duk yankin babu mai irinta sai shi. Kowace kaka yakan ware dammunan da suka fi kyau, ya kai wa wani maƙwabcinsa da sana'arsa ke nan, gina rumbuna da tsare wa mutane hatsi. Mai tsaron nan kuwa mutumin kirki ne, ba a taɓa kama shi da cin amana ba.

To, a ƙauyen akwai wani tsoho mai sandar ƙarfe, wanda yakan zaga rumbuna sau uku tsakanin kaka da damina. Sai ya ƙwanƙwasa gindin rumbu, ya kara kunne, ya saurara. Inda bai yarda da sautin ba sai ya soka sandar, don ya ga ko gara ta sami hanya. In ta samu, a kwashe hatsi a toshe. In ba ta samu ba, a yaɓe ramin da laka.

A shekarar da muke magana, manomin ya sa an shafe masa rumbunsa da makuba, ya yi sumul, har masu wucewa suna tsayawa su yaba. Tsoho ya zo zagayen farko, ya soka wuri biyu, bai sami kome ba, ya bar tabo biyu ya tafi. Manomi ya ji haushi ƙwarai, ya sake shafewa. Da tsohon ya komo zagaye na biyu, sai manomin ya tare shi.

Ya ce, "Baba, ai ka gwada ba ka ga kome ba. Rumbu lafiyayye kake so ka mayar mini rariya?"

Tsohon ya ce, "Ɗana, labarin ran nan na ba ka ran nan. Gara ba ta san an gwada ba."

Mai tsaro ya sa baki, ya roƙi manomin ya bari a duba, amma ina! Manomi ya ce shi ba zai biya mai tsaro ya kuma ciyar da mai ɓarna ba. Tun da hatsin nasa ne, aka ƙyale shi. Tsoho ya saɓa sandarsa ya wuce rumbu na gaba.

Mai tsaron bai yi sakaci ba, kada wani ya ɗora masa laifi. Ya kori awaki, ya sake jinka, ɓarawo bai ko leƙo ba. Duk ranar da manomin ya tambaye shi, sai ya ce lafiya lau, kuma gaskiyarsa ce, iyakar abin da ido ke gani ke nan.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi. Manomi ya hau rumbu ya buɗe, ya ga dawa a sama kamar yadda ya bar ta. Ya sa hannu, sai hannun ya nutse har kafaɗa. Allah sarki! Ƙasa ce da ƙaiƙayi. Gara ta bi ta jikin dutse ɗaya na gindin rumbun, ta cinye ciki, ta bar masa bango mai kyau. Abin da ya tsira bai cika mudu ba, shi ma ya ruɓe, ya shuka bai tsiro ba.

Ya bi gida gida yana roƙon iri, aka ba shi na kowa da kowa. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gonarsa ta bushe tun dawa ba ta fitar da kai ba. Ya zauna a bakin gona ya yi kuka kamar yaro, ba don yunwar kaɗai ba, sai don irin mahaifinsa ya ƙare a duniya, kuma a hannunsa ya ƙare.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Irin nan shi ne abin da in ya tafi ba a sayo shi a kasuwa. Da yawanku kun damƙa bayanan shagonku, ko asibitinku, ko makarantarku a hannun kamfanin da ke kula muku da kwamfutoci. Shi ne mai tsaro, yana iya zama mai aminci. Tsohon kuwa su ne waɗanda kuke ba izini su gwada kutsawa cikin na'urorinku, su nuna muku kafar tun mugu bai gan ta ba. Aikinsu ba daɗi, yana barin tabo, yana kunyata mutum. Amma wanda ya ce an duba masa bara, bara ce kawai aka duba masa.

Haka zuciya take. Wani a cikinmu tun ranar baftisma bai sake barin Ubangiji ya bincike shi ba, in dattijon ikkilisiya ya matso kusa da shi, sai mutumin ya ce an takura masa. Muna ganinsa ranar Lahadi tsaf da shi, mu ce lafiya lau. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne, na sha faɗin wannan, kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ke zuwa sai bayan ɓarna ta auku. A lokacin kuwa abin da zan iya yi masa kawai shi ne in zauna kusa da shi mu yi kuka tare.