Amma a Wurina Yana Buɗewa

Akwai wani manomi mai renon dashen mangwaro. Da damina ta kusa, sai ya sa aka buɗe masa shafi a intanet, domin masu so su saya tun daga gida. A shafin akwai hoton mangwaro jawur, a ƙarƙashinsa kuma wani koren wuri da aka rubuta, "Latsa nan ka saya." Ya duba a babbar kwamfutarsa, ga shi kuwa kome tsaf.

Ruwa ya sauka. Mako ɗaya, mako uku, ko mutum ɗaya bai latsa ba. Dashe kuwa ba ya jiran mai shi, saiwa har ta fara fasa leda. Kan mutumin ya ɗaure. Ya kashe kwamfuta, ya kunna, ya latsa da kansa, abu ya yi. Ya ce wataƙila hoton ne ya yi ƙanƙanta, ya sa wanda ya fi girma. Shiru kake ji. Ya ce, "Ikon Allah! Mutanen garin nan sun daina shan mangwaro ne?" Har ya fara zargin magabta.

Ran nan sai ga maƙwabciyarsa, tsohuwa Mama Briskila. Ta ce, "Ɗana, kwana huɗu ina neman wurin latsawan nan naka, har idona ya gaji."

Ya ce, "Haba Mama, ga shi nan kore shar!"

Ta miƙa masa ƙaramar wayarta. Mangwaro ya cika fuskar wayar, ya danne koren wurin ɗungum. Ya ce ai wayar ce ta tsufa. Ya ruga wurin wani malamin makaranta. A kwamfutar malam kuma, da yake manhajar buɗe shafinsa dabam ce, rubutu ya hau kan rubutu, ba a karanta ko harafi.

Ya dawo ya dafe kai, ya ce, "Amma Mama, a wurina yana buɗewa!"

Ta ce, "To, ɗana, kai ne za ka sayi dashen?"

Ya sa aka gyara, ya bi gida gida yana gwadawa a wayoyin mutane. Amma damina ta yi nisa, rabin dashen ya riga ya lalace.

Ma'anar wannan misali ita ce, shafin nan halinmu ne, kwamfutar manomin kuwa idonmu ne. Kowannenmu a wurinsa mai kirki ne. Kana cewa ƙofarka a buɗe take, amma ka taɓa tambayar matarka, ko baƙon da ya zauna a bencin baya a coci ran Lahadi ya tafi ba wanda ya gaishe shi? Wataƙila ya nemi ƙofar, girman kanka ya danne ta. Ni kaina an taɓa gaya mini haka, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

'Yan'uwa, ba don kanmu Ubangiji ya ba mu ƙauna ba, don maƙwabci ne. Je ka tambaye shi abin da yake gani, tun ruwa bai ɗauke ba.